Yadda ake sauya mita mai kati zuwa mitar bil a Birtaniya, da lissafin da ya kamata a yi kafin a sauya

Wanda ya taso a Kano ko Kaduna ya san wahalar da ake sha kafin a samu mita mai kati. A cike fom, a bi layi, a yi ta jira wata da watanni, duk don a kuɓuta daga bil ɗin ƙiyasi da ake kawowa ƙarshen wata ko an ga wuta ko ba a gani ba. Shi ya sa idan ɗan uwanmu ya sauka Birtaniya karatu ko aikin jinya, ya kama haya ya tarar da mita mai kati a ƙarƙashin matakalar bene, sai ya ji hankalinsa ya kwanta. A can kuwa labarin a juye yake. Mita mai kati an fi samun ta a gidajen haya da gidajen da aka taɓa cin bashin wuta, kuma shekara da shekaru masu ita ne suka fi kowa biyan tsada. Gidaje kusan miliyan 4 ke amfani da ita a ƙasar.

Don haka shawarar da tsofaffin hannu ke ba sabon zuwa ita ce: "Cire wannan mitar, ka koma ta bil, za ka ga sauƙi." Shawarar ta yi daidai a zamaninta, amma yanzu sai an yi mata gyara. Tun daga watan Yulin 2023 gwamnati ta cire ƙarin kuɗin da masu kati ke biya, sannan a Afrilun 2024 hukumar Ofgem, wadda ke kula da harkar wuta da gas, ta daidaita kuɗin layi na kullum, wanda ake caja ko an kunna wuta ko ba a kunna ba, tsakanin masu kati da masu biya ta Direct Debit, wato tsarin da kamfani ke cire kuɗinsa kai tsaye daga asusunka na banki. Dubi iyakar farashin da hukumar ta sa na watannin Afrilu zuwa Yunin 2024 ga gida mai matsakaicin amfani: mai biya ta Direct Debit fam 1,690 a shekara, mai kati fam 1,643, wanda kuma yake jira a kawo masa bil sannan ya biya fam 1,796. Wato mai kati ma ya ɗan fi samun sauƙi, kuma wanda ya cire mitar kati ya koma biyan bil da hannu ya ƙara wa kansa sama da fam 150 a shekara yana murnar ya yi dabara.

To ina ribar take? Tana cikin kasuwar da mitar bil ke buɗe maka. Yawancin yarjejeniyoyin tsayayyen farashi masu rahusa, waɗanda ake ɗaure maka kuɗin yunit na shekara ɗaya ko biyu, ga masu Direct Debit ake tallata su, mai kati kuwa zaɓinsa kaɗan ne. Sai riba ta biyu wadda ba a rubuta ta a takarda: wuta ba za ta ɗauke maka ƙarfe biyun dare cikin sanyin Janairu don kuɗi ya ƙare ba. Abin da ke tafe ya shafi Ingila da Scotland da Wales. Ireland ta Arewa tana da tata hukumar da nata tsarin daban.

Mataki na farko: gane wace irin mita ce a gidanka

Iri biyu ne, kuma bambancinsu shi zai nuna maka ko aikin na kwana kaɗan ne ko na makonni. Tsohuwar mitar kati, ta wuta tana da wani ɗan makullin roba da ake zarewa a kai shago mai alamar PayPoint ko Payzone, ko gidan waya, a loda masa kuɗi a dawo a soka. Ta gas kuma kati ne kamar na banki. Irin waɗannan sai injiniya ya zo ya cire ya sa wata.

Ta biyun ita ce mitar zamani mai aika karatunta da kanta zuwa kamfani, wadda ake loda wa kuɗi ta manhajar waya, kuma galibi tana zuwa da ɗan allo da ake ajiyewa a kicin yana nuna abin da aka ci. Wannan ba sai an cire ta ba. Mita ɗaya ce mai fuska biyu, daga ofis ake juya ta daga tsarin kati zuwa tsarin bil ba tare da kowa ya taka ƙofarka ba.

Tun kana gaban mitar, ɗauki hotonta da lambar da ke jikinta. Ka kuma nemi lambobin layinka guda biyu, MPAN ta wuta da MPRN ta gas. Suna jikin duk wata takarda da kamfanin ya taɓa aiko wa gidan. In ba ka ma san kamfanin da ke ba gidan wuta ba, tambayi ejan ɗin da ya ba ka haya.

Mataki na biyu: duba ko akwai bashi a kan mitar, kuma na wane ne

Nan ne mutane da yawa ke asara ba su sani ba. A yawancin tsofaffin mitocin wuta akwai shuɗin maɓalli. Soka makullin, ka riƙa dannawa ɗaya bayan ɗaya, allon zai riƙa sauyawa, kowane shafi da harafinsa: ragowar kuɗi, karatun mita, farashin yunit, kuɗin layi, sannan jimillar bashi da abin da ake cirewa duk mako. A mitar gas jan maɓalli ne mai harafin A, a danne shi na ɗan lokaci sannan a ci gaba da latsawa. Idan ka loda fam 20 ka ga fam 14 ce ta shiga, akwai abin da ke cin sauran, kuma dole ka san ko mene ne.

Abu uku ne ke iya cinsa. Ko dai ka taɓa kuɗin gaggawa da mitar ke rantawa in kuɗi ya ƙare, tana karɓar abinta. Ko kuɗin layi ne ya taru, domin shi kullum ake cirewa ko ka kunna wuta ko ba ka kunna ba. Wannan ya fi kama masu gas: mutum ya daina lodawa tun watan Mayu don zafi ya shigo, ya dawo Oktoba ya loda fam 30 ya ga mitar ta lashe kusan duka. Na ukun shi ne tsohon bashi, wanda sau da yawa ba naka ba ne, na wanda ya tashi daga gidan ne ya bar maka makullinsa a kan taga.

Bashin wanda ya riga ka zama ba ya kanka. Kira kamfanin, ka faɗa musu ranar da ka shiga gidan, ka tura musu takardar yarjejeniyar haya, su buɗe maka asusu da sunanka, su ba ka sabon makulli ko kati, su kuma mayar maka da abin da aka cire maka na bashin wani. Ko da ba ka da niyyar sauya mita, wannan kiran ka yi shi a makon da ka tare.

In kuwa bashin naka ne, a ƙa'ida kamfani zai ce sai ka biya kafin ya mayar da kai tsarin bil. Akwai wata kafa: mai mitar kati yana iya komawa wani kamfani da bashinsa muddin bai wuce fam 500 ba a wuta, da fam 500 a gas. Amma bashin zai bi ka, kuma za ka ci gaba da zama a kan kati har ka gama biya.

Mataki na uku: mai gidan haya

Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: sunan wa ke kan asusun? In kai ke biyan kamfani kai tsaye, kana da ikon zaɓar kamfaninka da yadda za ka biya, kuma mai gida ba shi da hurumin hana ka ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Sai dai ka karanta yarjejeniyar hayarka. Wasu suna rubuta cewa ranar tashi sai ka mayar da mitar yadda ka same ta, in ba haka ba a cire kuɗin aikin daga kuɗin ajiyarka. Aika masa saƙon imel ka sanar da shi, ka ajiye amsarsa. Maganar baki a ƙofar gida ba ta zama hujja ranar da aka zo rabuwa. Idan ya nuna damuwa, nuna masa cewa mitar zamani za a sa, wadda za a iya juyawa zuwa kati a duk lokacin da aka so. Yawancinsu da sun ji haka suke sakin jiki.

In kuma kuɗin wuta yana cikin kuɗin hayarka, ko ɗaki ɗaya ka kama a gidan da mai shi ya sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitarsa, to ba ka da asusu da kowane kamfani, kuma babu abin da za ka sauya. Abin da doka ta ba ka a nan shi ne kada ya sayar maka da wuta sama da yadda ya saya.

Mataki na huɗu: lissafi

Kada ka tsallake wannan, don shi ne zai nuna ko aikin ya cancanci wahalarsa. Abin da kake bukata shi ne yawan yunit ɗin da gidanka ke ci a shekara, ba yawan kuɗin da kake lodawa ba. Kamfani yana da wannan adadi, ka tambaye su ko ka duba bayanin shekara da suke aikowa. In ba ka cika shekara a gidan ba, ɗauki ma'aunin matsakaicin gida da Ofgem ta fitar a 2023: yunit 2,700 na wuta da 11,500 na gas. Gidan da ake dafa tuwo da miya kullum, ga yara, ga hita a kunne tun Oktoba har Afrilu don jikinmu bai saba da sanyin nan ba, zai iya wuce haka nesa.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. Ninka yunit da farashin yunit, sannan ka ninka kuɗin layi na kullum sau 365, ka haɗa. Ka yi wa tsarin da kake kai yanzu, ka yi wa wanda kake son komawa. Misali kawai: a ce kana biyan kwabo 25 a yunit ɗin wuta, ka samu tsayayyen farashi na kwabo 23. A yunit 2,700 wannan fam 675 ne da fam 621, ka tsira da fam 54. A ce gas kuma daga kwabo 6 ya koma 5 da rabi, a yunit 11,500 ka tsira da kusan fam 57. Jimilla fam ɗari da ɗoriya a shekara, in kuɗin layin bai ƙaru ba. In ya ƙaru, cire ƙarin daga ribar. Kamfanoni sun iya rage kuɗin yunit su lafta a kuɗin layi, wanda kuma ba ya cin wuta sosai shi ke kwana ciki.

Abu biyu za ka riƙe. Iyakar farashin Ofgem tana sauyawa duk wata uku, a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, saboda haka tsayayyen farashin da ya yi arha yau yana iya zama mai tsada in kasuwa ta sauka. Sannan yawancin irin wannan yarjejeniya tana da tarar fita kafin wa'adi, sai dai ba a cajin ta a kwanaki 49 na ƙarshe. Kuma iyakar nan ba ta nufin kuɗinka ba zai wuce wani adadi ba. Farashin yunit aka ƙayyade, in ka ci da yawa ka biya da yawa.

A ganina, idan bayan lissafi ribar ba ta kai fam 30 ko 40 a shekara ba, kuma kati bai dame ka ba, ka nemi a sa maka mitar zamani ka ci gaba da lodawa ta waya. Haka ma wanda albashinsa ba tsayayye ba ne, irin masu aikin kula da tsofaffi da ake kira yau a ƙi kira gobe, ko ɗalibin da sa'o'in aikinsa a ƙayyade suke. Ga irin waɗannan, ganin kuɗi na raguwa a allo kullum wani linzami ne, kuma babu kunya a riƙe shi.

Mataki na biyar: gyara tarihin bashinka kafin ka kira

Mitar bil bashi ce: ka sha wuta yanzu, ka biya daga baya. Don haka kamfanoni da yawa sai sun binciki tarihinka a wajen hukumomin da ke ajiye bayanan bashi, wato Experian da Equifax da TransUnion. Matsalar sabon zuwa ba mummunan tarihi ba ne, rashin tarihin ne gaba ɗaya. Duk amanar da ka riƙe a gida, kwamfutarsu ba ta san da ita ba.

Kana da ikon ganin rahotonka kyauta daga kowace cikin ukun. Duba ko adireshinka daidai ne, ko an rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina. Wannan na sunan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu: Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Muhammed a takardar haya, sai na'ura ta ɗauka mutum uku ne. Sannan ka yi rajistar zaɓe a ƙaramar hukumar da kake zaune, domin da ita ake tabbatar da adireshi. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama suna da damar yin rajistar saboda ƙasashensu na cikin ƙungiyar Commonwealth. 'Yan Nijar da Chadi da Sudan masu izinin zama suna iya yin rajistar a Scotland da Wales, amma a Ingila ba su da wannan damar sai in sun samu takardar zama ɗan ƙasa, su sai su dogara da asusun banki da layin waya na wata-wata da ake biya a kan kari.

Dole kuma ka kasance da asusun banki na Birtaniya wanda ake iya ɗora wa Direct Debit.

Mataki na shida: kiran kamfani

Fara da kamfanin da kake tare da shi. In za ka iya, yi amfani da hira ta rubutu a shafinsu maimakon waya, don ka samu abin ajiyewa, kuma ka huta da maimaita harafin sunanka sau biyar. Ka ce kana son komawa tsarin bil da biya ta Direct Debit duk wata. Sannan ka yi waɗannan tambayoyi kafin ka amince da komai.

Shin akwai kuɗin sauya mitar? Manyan kamfanoni galibi kyauta suke yi, musamman in mitar zamani za a sa, amma wasu suna caji. Shin binciken tarihin bashin mai barin tabo ne a rahotonka ko mara tabo? In kana shirin neman bashin gida ko mota nan kusa, wannan ya shafe ka. Shin za su nemi kuɗin jingina, nawa ne, kuma yaushe ake mayarwa? Wane farashi za su ɗora ka a kai ranar da aka sauya? Nawa za su riƙa cira duk wata, kuma da wane adadin yunit suka yi lissafin? Ragowar kuɗin da ke kan tsohuwar mita fa, ta yaya zai dawo?

Rubuta ranar da sunan wanda ka yi magana da shi da lambar shaidar da ya ba ka.

In sun ƙi, tambayi dalili. Wani lokaci kuɗin jingina ke warware matsalar. Wani lokaci kuma wani kamfanin ne zai karɓe ka, don ba dukkansu ke da sharaɗi ɗaya ba: ka koma wajensu a matsayin mai kati, sannan su juya ka. Sauya kamfani yanzu kwana biyar na aiki yake ɗauka, kana kuma da kwana 14 na janyewa in ka sake tunani. Kada dai ka bi kamfanoni biyar a mako guda kowa na bincikenka, tabon zai taru. In duk ba ta yiwu ba, ka yi 'yan watanni kana lodawa a kan kari ba tare da taɓa kuɗin gaggawa ba, sannan ka sake nema.

Akwai waɗanda maganarsu daban ce, ko da bashi a kansu. Doka ta ce mitar kati sai inda take da aminci kuma mai gidan zai iya amfani da ita. Idan akwai mara lafiya mai na'urar da ke bukatar wuta dare da rana, ko maganin da sai a firji, ko naƙasar da ke hana mutum kai wa ga mitar ko zuwa shago, faɗa musu ƙarara, wajibi ne su nemo mafita. An ƙara tsaurara wannan bayan binciken jaridar The Times na Fabrairun 2023, wanda ya nuna masu karɓar bashi da ke yi wa British Gas aiki suna shiga gidajen marasa ƙarfi da takardar kotu suna dasa mitar kati. Ƙa'idojin da suka zama dole a Nuwamban shekarar sun hana a dasa ta da ƙarfi a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 2, ko tsoho sama da shekara 75 da ba shi da mai taimaka masa. Ka kuma nemi a sa gidanka a Priority Services Register, wato rajistar gidajen da ke bukatar kulawa ta musamman, in akwai tsoho ko mai ciki ko ƙananan yara ko mara lafiya. Kyauta ne.

Mataki na bakwai: ranar aiki

In mitar zamani ce, za su faɗa maka ranar da za a juya ta. Ci gaba da lodawa kaɗan-kaɗan har sai ka ga allon ya daina nuna ragowar kuɗi ya koma nuna abin da ka ci.

In tsohuwa ce, za a ba ka rana da tazarar sa'o'i huɗu da injiniya zai iso a ciki. Dole a samu babba a gida. Kwashe tarkacen da ke gaban mitar tun daren jajibirin ranar, su akwatuna da buhun shinkafa da injin shara, in kuma mitar tana waje cikin akwati ko a ɗakin mitoci na bene, nemo makullin wurin tun da wuri. Za a ɗauke wuta da gas na ɗan lokaci, aikin duka biyun yakan ci awa ɗaya zuwa biyu. Kashe kwamfuta da talabijin, kada a ɗora girki. In ya iso, duba katin shaidarsa kafin ka buɗe masa ciki.

A kwanakin da suka rage kada ka loda kuɗi mai yawa, kada kuma ka bari ya ƙare. Kafin ya taɓa komai, ɗauki hoton allon tsohuwar mita yana nuna ragowar kuɗi da karatun ƙarshe. Bayan ya gama, ɗauki hoton sabuwar da lambarta da karatun farko. Waɗannan hotuna huɗu ko biyar su ne shaidarka in bil ɗin farko ya zo da abin mamaki. Kafin ya tafi, sa shi ya kunna boila da murhu a gabanka, ya nuna maka maɓallin da ake dannawa a ga karatu. In ka ji warin gas bayan tafiyarsa, buɗe tagogi, kada ka taɓa makunnin wuta, ka fita waje ka kira 0800 111 999. In kuwa bai zo ba kuma ba a sanar da kai a kan lokaci ba, akwai diyyar da ƙa'ida ta ɗora wa kamfanin, ka tambaye ta.

Mataki na takwas: riƙon Direct Debit

A nan ne ake cin ribar ko a zubar da ita. Tsarin kamar adashi yake: kana zuba adadi ɗaya kowane wata, da bazara kuɗinka na taruwa a asusun, da hunturu ka kwashe. Shi ya sa ganin rarar fam 200 a watan Satumba ba kuɗin banza ba ne da za ka ce a turo maka ka aika gida, na gas ɗin Janairu ne. Shi ya sa kuma sauyawa a watan Afrilu ko Mayu ta fi daɗi. Wanda ya fara a Nuwamba ya shiga sanyi ba shi da tari, sai asusun ya nuna bashi tun watan farko, kamfani kuma ya ɗaga abin da yake cira.

Zaɓi ranar cira ta zama kwana ɗaya ko biyu bayan shigar albashi, kafin kuɗin ya kama hanyar gida da sauran hidindimu. In aka zo cira babu kuɗi, banki na iya cin tararka, wasu kamfanonin kuma suna kai rahoton wanda ya makara ga hukumomin bashi. Wanda ya yi ta makara har bashi ya taru, ƙarshenta kan kati za a mayar da shi.

In mitarka ba mai aika karatu da kanta ba ce, ko ta zamani ce amma sadarwarta ta yanke, tura karatu duk wata, rana ɗaya tsayayya. In ba ka tura ba sai su yi ƙiyasi, ka koma gidan jiya, irin abin da ka baro a gida. Duba bil ɗin ko an nuna karatun na gaskiya ne ko na ƙiyasi. In mitarka mai farashi biyu ce, na dare da na rana, karatu biyu za ka tura, kuma ka tabbata ba a juya su ba. Ka ƙara turawa a jajibirin ranar da farashi zai sauya, don kada a lissafa maka yunit ɗin tsohon farashi da sabo.

Kamfani ba ya ƙara abin da yake cira sai ya sanar da kai tukuna, yawanci kwana goma na aiki kafin ranar. In ƙarin ya yi maka yawa, nemi su nuna maka lissafin, ka gwada da naka na mataki na huɗu. In aka cire kuɗi bisa kuskure, bankinka zai mayar maka nan take ƙarƙashin garantin Direct Debit. In kuma rarar ta wuce hankali, misali ka fito daga hunturu a watan Afrilu da ɗaruruwan fam a asusun, tura sabon karatu ka ce a mayar maka, a kuma rage na wata. Akwai wata kariyar: in laifin kamfani ne bai caje ka daidai ba, ba shi da ikon bin ka kuɗin wutar da ka sha fiye da wata 12 baya.

Ga masu zama gida ɗaya su uku ko huɗu, a yi hattara. A kan kati kowa na ajiye nasa a tebur kafin a loda. A kan bil kuwa, wanda sunansa ke asusun shi ake bi, ko da sauran sun gama karatu sun koma gida. Ko dai a sa sunayen kowa, ko kowa ya ɗora umarnin tura kasonsa ta banki kafin ranar cira.

Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Shigar da ƙorafi a rubuce, ka ce ƙorafi ne a hukumance, ka karɓi lambarsa. In mako takwas ya wuce ba a warware ba, ko suka ba ka takardar cewa sun kai iyakarsu, kai maganar gaban Energy Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin masu amfani da wuta da kamfanoninsu. Ba a biyan ko kwabo, kuma hukuncinsa yana hawa kan kamfanin in ka amince da shi. Citizens Advice a Ingila da Wales, da Advice Direct Scotland a Scotland, suna ba da shawara kyauta tun kafin a kai nan.

Ranar da za ka tashi daga gidan, sanar da kamfani aƙalla kwana biyu kafin, ka ɗauki hoton karatun ƙarshe, ka ba su sabon adireshinka. Kada ka soke Direct Debit sai bil ɗin ƙarshe ya zo, wanda ya kamata ya iso cikin mako shida, rarar kuɗinka kuma ta biyo baya cikin kwana goma na aiki. In yarjejeniyar hayarka ta ce a mayar da mitar kan kati, nemi hakan mako biyu ko uku kafin ranar miƙa makulli, ka tura wa ejan shaidar an yi.